Lauya ko Notari: Wa Za Ka Kai wa Takardarka?

Duk wanda ya fito daga Anka, Gummi ko Bukkuyum ya san abin da ke faruwa da zarar an yi hutu ya koma gida. Kafin ya ajiye jaka, baba ko kawu ya ciro wata takarda daga ƙarƙashin katifa ya miƙo masa: "Kai da kake boko, duba mana wannan." Wata ta cinikin gona ce, wata ta bashi, wata kuma ta wani fili da aka saya a gari bayan rashin tsaro ya taso iyali daga ƙauye. Sau da yawa abin da ke kwantar wa masu takardar hankali shi ne wani jan hatimi da ke ƙasanta. Sai ka ji an ce, "Ai an buga mata hatimi, magana ta ƙare."

To, magana ba ta ƙare ba. Darasinmu na wannan fitowa zai bambance mana mutum uku da muke yawan cakuɗawa: lauya, notari, da kwamishinan rantsuwa na kotu. Abin da nake so kowa ya riƙe tun daga farko shi ne wannan: hatimin notari yana shaida cewa wane ne ya sa hannu, lauya kuwa shi ke duba ko abin da ka sa wa hannun zai amfane ka ko zai cuce ka.

Wane ne lauya a Najeriya?

A Ingila, inda muka gaji tsarin shari'ar boko, aikin lauya kashi biyu ne. Akwai solisita, wanda yake zama da kai a ofis, ya ba ka shawara, ya rubuta maka yarjejeniya. Akwai barista, wanda ya fi ƙwarewa a tsayuwa gaban alƙali. A Najeriya an haɗe su wuri ɗaya. Duk wanda ya gama digirin shari'a, ya wuce Makarantar Horon Lauyoyi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1962 kuma take da reshe a Bagauda ta jihar Kano, aka kuma shigar da sunansa a rajistar Kotun Ƙoli, to ya zama barista kuma solisita a lokaci guda. Saboda haka "Barista" ɗin da kake gani a Gusau shi ne dai wanda zai rubuta maka takardar cinikin gida.

Aikinsa a kan takarda ya wuce rubutu. Zai tambaye ka me kake son cimmawa, ya binciki ko mai sayarwa yana da ikon sayarwa, ya tsara sharuɗɗa yadda idan an samu saɓani ba za ka tashi hannu rabbana ba, sannan ya bi takardar har a biya mata haraji a yi mata rajista. Mafi muhimmanci, lauyanka naka ne. Yana ɓangarenka, kuma doka ta ɗora masa riƙe sirrinka. Idan ya yi maka sakaci ko ha'inci, akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi da za ka kai ƙara.

Akwai wani abu da yawancinmu ba mu sani ba. Dokar Lauyoyi ta haramta wa wanda ba lauya ba ya karɓi kuɗi don tsara takardar da ta shafi fili ko gida. Wato yaron shagon kwamfuta da yake da tsohon samfurin yarjejeniya a cikin na'urarsa, yana canza suna da kwanan wata yana karɓar kuɗi, aikin da doka ba ta ba shi ba yake yi. In kuma rigima ta taso, ba shi za a kira ba, kai za a kira.

Wane ne notari?

Notari shi ma lauya ne, amma wanda Babban Jojin Najeriya ya naɗa bayan ya yi shekaru yana aiki, ya yi rantsuwa, aka sa sunansa a wata rajista ta musamman a Kotun Ƙoli. Kowane notari a Najeriya lauya ne, amma ba kowane lauya ne notari ba. Tsohuwar dokar da ta tsara aikinsu tun 1936 take, a 2023 aka maye gurbinta da sabuwa, wadda ta ba da dama a yi wasu ayyukan ta intanet, mutum yana wani gari notari yana kallonsa ta bidiyo.

Idan ya sa hular notari, aikinsa shi ne shaida. Zai tabbatar da cewa kai ne kai ta hanyar katin shaidarka, ya ga ka sa hannu da kanka ba tare da an tilasta ka ba, ya rantsar da kai in ana buƙata, ko ya gwada kwafin takarda da ta asali ya ce sun yi daidai. Daga nan sai ya sa hannu ya buga hatimi. Ba ya ɓangaren kowa. Ba aikinsa ba ne ya je Bagega ko Daki Takwas ya ga ko gonar da aka rubuta tana nan, ko kuwa an riga an sayar wa wani ita bara.

Inda hatiminsa ya fi daraja shi ne idan takarda za ta tsallaka iyaka. Jami'in wata jami'a a Masar ko Malesiya bai san ka ba, bai san makarantarka ba, amma ya san ofishin notari, domin kusan kowace ƙasa tana da shi.

A nan ne kuma ake samun ruɗani, domin sunan ɗaya ne amma aikin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Maraɗi da sauran Jamhuriyar Nijar, inda ake bin tsarin Faransa, notari sana'a ce mai zaman kanta daban da ta lauya. Shi ne yake rubuta takardar cinikin gida mai rajista da hannunsa, ya ajiye ta asali a ofishinsa, kuma takardarsa tana da ƙarfi sosai a gaban kotu. A Amurka kuwa, a yawancin jihohi notari ba ya ma buƙatar zama lauya, ma'aikacin banki kan iya zama notari. Saboda haka idan ɗan uwanka da ke kasuwanci a Maraɗi ya ce maka "je wurin notari kawai, shi zai gama komai," gaskiya ya faɗa game da can. A nan gida abin ba haka yake ba.

Na uku: kwamishinan rantsuwa

Wannan shi ne wanda ɗalibi ya fi buƙata, kuma shi ne mafi araha. Jami'i ne a rajistar kotu wanda doka ta ba ikon rantsar da mutane. Takardar rantsuwa, wadda muke kira afidabit, a gabansa ake yin ta: ta shekarun haihuwa, ta gyaran suna idan abin da ke kan sakamakon WAEC ya saba da na JAMB ko na lambar NIN, ta ɓatan katin shaida ko rasit. Ka biya kuɗin kotu, ka karɓi rasit, ka sa hannu a gabansa. Notari ma yana da ikon yin wannan, sai dai kuɗinsa ya fi yawa, kuma in takardar a cikin Najeriya za a yi amfani da ita, yawanci ta kotu ta wadatar.

Abu biyu a kiyaye. Na farko, afidabit maganarka ce da ka rantse a kanta. Kotu ba ta ce gaskiya ka faɗa ba, ta dai shaida cewa ka rantse. Wanda ya rage shekarunsa don ya samu zuwa bautar ƙasa ko shiga aikin ɗamara, ya yi rantsuwar ƙarya, laifi ne a doka, ga kuma nauyin da ke kansa a wurin Allah. Na biyu, a guji 'yan bakin ƙofar kotu masu cewa "kawo kuɗi da hoto, ka dawo bayan awa ɗaya." Rantsuwar da ba ka tsaya da ƙafarka ka yi ba tana iya zama ta bogi, kuma ranar da aka gano, sunanka ne a kai.

Yanzu bari mu ɗauki misalan da suka fi shafar gidajenmu.

Cinikin gona ko fili

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum yake da shi shi ne haƙƙin zama da amfani. A yankin da aka ayyana a matsayin birni, gwamna ke ba da wannan haƙƙi, shaidarsa ita ce takardar da aka fi sani da C of O. A karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin gargajiya, kuma ba za ta ba mutum ɗaya fiye da hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo ba sai da amincewar gwamna. Sashe na 22 na dokar ya ce wanda yake da haƙƙin da gwamna ya bayar ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da yardar gwamna, sashe na 21 kuma ya ɗora irin wannan sharaɗi a kan haƙƙin gargajiya.

Mu ɗauka mahaifinka zai sayi fili a cikin garin Gummi. Mai sayarwa ya zo da takarda, an kira mai unguwa da shaidu biyu, an sa hannu, an ma kai wa notari ya buga hatimi. Me hatimin ya tabbatar? Cewa waɗannan mutane sun sa hannu a rana kaza. Bai tabbatar da cewa filin na mai sayarwa ne shi kaɗai ba. Bai tabbatar da cewa ba a jinginar da takardar filin a banki ba. Bai zama yardar gwamna ba. Waɗannan duka aikin lauya ne: ya je ofishin filaye ya bincika, ya nemi a auna filin a fitar da taswira, ya tsara takardar, ya bi ta har rajista.

Wannan ba yana nufin a raina shaidar mai unguwa, dagaci da maƙwabtan gona ba. Su suka san tarihin wurin, su suka san iyaka daga wace bishiya zuwa wace, kuma lauya mai hankali wurinsu zai fara aika ka. Shaidarsu da aikin lauya tare suke tafiya.

Gonar gado

Nan ne aka fi yin kuka. Tun daga Janairun 2000 Zamfara take aiki da kotunan shari'ar Musulunci, kuma sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya sa al'amuran aure, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi na Musulmi a ƙarƙashin dokar Musulunci har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Idan babban wa ya sayar da gonar da ba a raba ba, alhali akwai ƙanne mata da marayu da ke da rabo a ciki, ko hatimi goma aka buga ba zai halatta masa rabon da ba nasa ba. Ko rabonsa kaɗai ya sayar, a mazhabar Malikiyya abokan tarayyarsa suna da haƙƙin shufa'a, wato su biya kuɗin da aka saya su karɓe rabon daga hannun baƙo. Kafin a biya ko sisi, a nemi shaidar rabon gado daga kotu, ko a tara dukkan magada su amince a rubuce.

Haka wasiyya. Musulmi ba ya wasiyya da fiye da sulusin dukiyarsa, kuma ba ya yi wa magaji wasiyya sai in sauran magada sun yarda. Wanda ya rubuta saɓanin haka ya kai wa notari, sa hannunsa kawai aka shaida. A nan ana buƙatar malamin da ya san fara'ila da lauyan da ya san dokar Musulunci.

Ramin zinare

Mutanen Anka da Bukkuyum ba sa buƙatar a gaya musu abin da zinare ya kawo na alheri da na sharri. A 2010 duniya ta ji labarin gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, sanadin niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar, sai a Disambar 2024 ta ɗage hanin.

Ta fuskar takarda, ga abin lura. Sashe na 44(3) na Tsarin Mulki da Dokar Ma'adinai ta 2007 sun mallaka wa gwamnatin tarayya duk wani ma'adini da ke ƙarƙashin ƙasa. Gona taka ce, zinaren da ke ƙarƙashinta ba naka ba ne, kuma lasisin haƙa daga ofishin rajistar ma'adinai na tarayya yake fitowa. Wanda ya sayar maka da "rami" a takarda ya sayar maka da abin da bai mallaka ba. A ɗaya ɓangaren kuma, mai neman lasisi yana buƙatar amincewar mai gona. Saboda haka idan wasu baƙi suka zo da takarda da Turanci suna neman tsoho ya dangwala yatsa, suna cewa "ta shaida ce kawai," a dakata. Shekara nawa? Nawa ne diyya? Wa zai cike ramuka ya gyara ƙasa bayan an tashi? Wannan takarda lauya ya kamata ya karanta kafin a taɓa tawada.

Takardar wakilci

Yayanka yana Saudiyya ko Legas, yana so ka kula da gidansa ko ka sayar masa da fili. Wannan wuri ne da ake buƙatar su biyun. Lauya ya tsara takardar ya iyakance ikon da aka ba wakili, notari ya shaida sa hannun. Dokar Shaida ta 2011 ta ce kotu za ta ɗauka cewa takardar wakilcin da aka sa wa hannu a gaban notari, alƙali ko jami'in jakadanci an yi ta yadda ya kamata, har sai an kawo hujjar akasin haka. Amma a kula: Kotun Ƙoli ta bayyana a shari'ar Ude da Nwara ta 1993 cewa takardar wakilci ba ta mayar da mallaka. Wanda ya biya kuɗin fili aka ba shi takardar wakilci kaɗai, wakili aka naɗa shi, ba a mallaka masa ba.

Karatu a waje

Ga mai HND da ke neman gurbin ƙaro karatu a wata ƙasa, nan fagen notari ne. Ba ka buƙatar shawarar lauya don a shaida kwafin sakamakonka. Sai dai Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Heg ta 1961 da ta sauƙaƙa amincewa da takardu tsakanin ƙasashe, don haka sau da yawa hanyar tana da tsawo: Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardar karatu, Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta tabbatar, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ka ya sa nasa hatimin. Kafin ka kashe kuɗin mota, rubuta wa makarantar ka tambaye su ainihin abin da suke so.

Tsaya wa wani

Aboki zai karɓi babur ko Keke na biya kaɗan-kaɗan, ko ya samu aikin POS, sai ya kawo maka fom ka tsaya masa, ya ce a je kotu a buga hatimi. Ka sani hatimin ba kariya ba ne gare ka, ƙara ɗaure ka yake yi, domin gobe ba za ka iya musun sa hannunka ba. Karanta ka ga iyakar kuɗin da za a bi ka in ya gudu. In ba ka gane ba, ka tambayi lauya tukuna.

Yadda za ka zaɓa

Ka yi wa kanka tambaya uku. Shin ina buƙatar a gaya mini ko wannan yarjejeniya za ta cuce ni? Lauya. Shin magana ce tawa da nake so in rantse a kanta don amfani a cikin gida? Rajistar kotu. Shin takardar za ta fita waje, ko wanda zai karɓa ya ce lallai sai da hatimin notari? Notari. Idan ana buƙatar biyu, lauya ne farko, hatimi daga baya. Kuma kada mai saye da mai sayarwa su dogara da lauya ɗaya wanda mai sayarwa ya kawo.

Kafin ka biya kowa, tabbatar da shi. Tun 2015 lauyoyi suke manna tambarin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, mai ɗauke da suna da lambar rajista, a kan takardun da suka tsara. Ka nemi ganinsa. Ka yi ciniki a kan kuɗin aiki tun farko, ka karɓi rasit. Kada ka sa hannu a takardar da aka bar gurbi a cikinta, kuma kada ka tafi ba tare da naka kwafin ba. Idan mai sa hannu bai iya karatu ba, doka ta buƙaci a karanta masa a fassara da harshen da yake ji, wanda ya rubuta ya sa sunansa da adireshinsa ya kuma bayyana cewa an yi hakan. Ka tsaya kai da fata a yi wa iyayenka wannan.

Na san abin da wani zai ce: lauyoyi sun fi yawa a Gusau da Sakkwato, hanya ba lafiya, kuɗi kuma babu. Gaskiya ne. Amma yau ana iya ɗaukar hoton takarda a tura wa lauya ta waya ya karanta kafin ranar ciniki, kuma kuɗin wannan shawara bai kama ƙafar abin da shari'ar shekara uku a kan gona za ta ci ba. Ga wanda ba shi da hali, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, ana iya tuntuɓar ofishinta a ji ko lamarin yana cikin waɗanda take ɗauka.

Rubuta yarjejeniya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma ta yi maganar marubuci daban, shaidu daban. Idan aka miƙo maka takarda a hutun nan, kada idonka ya tsaya a kan hatimi. Karanta abin da ke samansa layi-layi, ka fassara wa masu ita, in ka ga abin ya fi ƙarfinka ka ce a dakata har a ji ta bakin lauya. Allah Ya ba mu zaman lafiya a yankinmu, Ya kuma ba mu sa'ar jarrabawa.